Talata, wuni guda da Chaconne ɗin Bach

Tun safe tsirkiyar E, mafi siranta cikin tsirkiyoyi huɗu na gogen Turawa (violin) da nake kaɗawa, ta tsinke wajen ɗauri. Haka tsirkiyar hanjin tumaki take: sirirya ce, gumin yatsa na cinta, ta fara tsattsagewa kafin ta yanke. Sabuwa kuwa takan yi kwana biyu ko uku tana miƙewa, sautin na sauka, sai an yi ta juya maɗauri. Na daidaita sautin tsirkiyar A a kan girgiza 415 a daƙiƙa, kamar yadda masu kiɗan Barok, wato kiɗan Turai na zamanin Bach, ke yi yanzu, ƙasa kaɗan da 440 da aka saba.

Aikin yau Chaconne ne, kashi na ƙarshe na jerin kiɗan rawa da ake kira Partita ta biyu (lambarta BWV 1004), wadda Bach, makaɗin Jamus, ya rubuta wa goge shi kaɗai, ba rakiya. Rubutun hannunsa na ɗauke da shekarar 1720, yana garin Köthen na Jamus, a fadar Yarima Leopold. A shekarar ce ya raka yariman zuwa garin Karlsbad, ya dawo ya tarar an riga an binne matarsa Maria Barbara, ranar 7 ga Yuli. Shekara guda kafin nan sun rasa ɗansu Leopold Augustus yana jariri. Shi kansa maraya ne tun yana ɗan shekara tara. Wasu na cewa Chaconne ɗin makoki ne da ya rubuta wa Maria Barbara. Takarda dai ba ta faɗi haka ba, kuma mai kaɗawa da ya ɗauki zancen yakan ja kiɗan har ya yi nauyi, alhali asalinsa rawa ce mai bugu uku, nauyin yana kan na biyu.

Wahalar tana jakin gogen, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke bi ta kansa. Lanƙwasasshe ne, izga ba za ta taɓa tsirkiya huɗu lokaci guda ba. Sai a fara da biyun ƙasa a gajarce, a mirgina zuwa na sama a riƙe. In aka danna da ƙarfi don a kama duka, hanji ya shaƙe, sai ƙara kawai. Ƙaro ma kaɗan ake shafa wa izgar, in ya yi yawa sautin ya yi kaushi.

Wurin da ya fi cin lokaci shi ne gaɓa ta 133 a rubutun kiɗan, inda D mino, sauti mai kama da jimami, ke komawa D mejo mai haske. Kowa na son ya buɗe murya a nan. Ya fi kyau a rage gudun izga, a matsar da ita nesa da jaki kaɗan, a shiga a hankali. Sau goma sha ɗaya na maimaita, E ɗin na sauka kowane zagaye.