Sakan 45 a kan ƙanƙara: abin da shekarun farko ke koya wa ɗan gaba a hoki

A shekarar 1997 ƙungiyar Boston Bruins ta ɗauki Joe Thornton a matsayin na ɗaya cikin duk matasan da suka fito zaɓen NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. A kakarsa ta farko ya buga wasa 55, ya zura 3 a raga, ya taimaka aka ci 4. Maki 7 ke nan, tunda a hoki ci da taimako kowanne maki ɗaya ne. Wanda ya dubi takarda kawai sai ya ce an yi asarar zaɓi. A kakar 2005-06 wannan Thornton ɗin ne ya tara maki 125, ya karɓi kyautar Hart ta gwarzon ɗan wasa.

Ba wai yaron bai iya wasa ba ne a 1997. Kocinsa, Pat Burns, kimanin minti 8 kacal yake ba shi a kowane wasa. Darasin da ya fi zama mini a rai game da farkon aikin ɗan gaba ke nan: baiwa ita ke sa a zaɓe ka, amma mintuna a hannun koci suke, kuma koci yana rabon su ne bisa abin da yaro ke yi lokacin da faifan, wato robar da ake bugawa a madadin ƙwallo, ba ya kan sandarsa.

Ga yadda rabon yake. Ƙungiya tana shiga wasa da mutum 20: masu tsaron raga 2, 'yan baya 6, 'yan gaba 12. 'Yan gaban an kasa su sahu huɗu, kowane sahu da ɗan tsakiya ɗaya da 'yan gefe biyu. Wasa minti 60 ne, kashi uku na minti 20. Sahun farko kan samu minti 18 zuwa 21, na huɗu kuwa 8 zuwa 12. Bayan haka akwai lokacin da aka kori wani daga abokan hamayya zuwa akwatin horo na minti 2, ƙungiya ta samu rinjayen mutum ɗaya. A nan ake tara maki da arha, kuma sabon shiga ba kasafai ake sa shi ba. To yaron da ya saba buga fiye da minti 20 a gasar matasa, da duk wani rinjaye da aka samu, yanzu sai ya tarar da kansa yana shiga sau 12 a dare guda, tare da abokan sahu da aikinsu dakatar da wasa ne ba cin raga ba.

Kowace shiga sakan 40 zuwa 45 ce. Ana canja 'yan wasa wasa na tafiya, ba a jiran usur. Kuskuren farko da kusan kowane matashi ke yi shi ne daɗewa. A gasar matasa gwani yakan yi minti ɗaya da rabi a fili, yana hutawa a tsaye tsakanin hari da hari, ba mai ce masa komai. A NHL da zarar an haura sakan 50 da gudu na gaske ƙafa ta yi nauyi, gwiwa ta miƙe, taku ya gajarta, abokan hamayya kuwa sun zubo sababbin jini. Ƙa'idar ita ce a canja lokacin da faifan ya shige can cikin gidan abokan hamayya, ba lokacin da yake dawowa naka ba. A kashi na biyu abin ya fi tsanani, domin an juya fili, bencin ƙungiya ya yi nisa da ragarta. Wanda ya makara a nan zai iya maƙalewa minti biyu yana kare gida. In kuma ya gaji ya watsa faifan daga rabinsa har ya wuce layin ragar can ba wanda ya taɓa, alƙali zai dawo da wasan gidansu, kuma doka ta hana ƙungiyarsa canja mutane. Gajiyayyu biyar ke nan za su fuskanci sahun farko na abokan gaba.

Ga ɗan gefe, jarrabawar gaskiya a jikin katanga take. Filin NHL ƙafa 200 ne a tsawo, 85 a faɗi, wato kusan mita 61 da 26. Wanda ya taso a Suwidin ko wata ƙasar Turai inda faɗin kan kai mita 30 ya rasa kusan mita 4 na sarari, kuma a wannan sararin ne da yake samun lokacin tunani. Idan ɗan bayanku ya karɓi faifan a bayan raga, ɗan gefe yana komawa ya tsaya tsakiyar katangar gidansu, bayansa na jingine da ita, ƙirjinsa na kallon fili. Kafin faifan ya iso dole ya waiga ya ga ko ɗan bayan abokan hamayya yana saukowa kansa. Waigen nan shi ne aikin duka. In ba mai zuwa, ya karɓa ya tafi. In ana zuwa, ko dai ya taɓa wa ɗan tsakiya da ke lanƙwasowa ta ƙasa, ko ya buga faifan a katanga ko gilashi ya tsallake mai zuwan. In duka biyun sun toshe, ya danne faifan da takalmi a jikin katanga, ya ci dukan, ya jira taimako. Abin da matasa ke yi shi ne su zuba wa faifan ido har ya iso, sannan su ɗaga kai. Lokacin an riga an kai musu. Ko kuma su jefa shi tsakiya a makance, ya faɗa sandar abokin gaba mita goma daga ragarsu. Faifan kansa ƙaramin abu ne, roba mai tauri da aka daskarar, inci 3 a faɗi, inci 1 a kauri, nauyi bai wuce giram 170 ba, kuma idan ya zagayo ta jikin katanga yakan zo yana tsalle. Shi ya sa ake koya wa yara tare shi da ƙarfen takalmi su turo shi kan sanda. Aiki ne mai gundura, ana maimaita shi bayan an tashi atisaye, babu mai ɗaukar hotonsa, amma shi ke raba wanda ake sawa a mintin ƙarshe da wanda ke kallo daga benci.

Sai layuka biyu shuɗɗa da suka raba filin uku. Kociyoyi ba sa yafe asarar faifai a kansu. Dalilin lissafi ne: idan ka yi ƙoƙarin yanke mutum a shuɗin layin abokan hamayya aka ƙwace, abokan sahunka biyu suna gudu gaba, abokan hamayya kuwa sun juya da mutum uku a kan 'yan bayanku biyu. A gasar matasa yankan yana ci sau da yawa. A nan ɗan bayan da ke gabanka mai shekara 30 ne, sandarsa doguwa, ya ga irin wannan yankan sau dubu. Ana so yaro ya koyi tura faifan kusurwa ya bi shi, kuma a ko da yaushe ɗan gaba na uku ya tsaya sama-sama kada duka ukun su nutse. Ni dai ina ganin wasu kociyoyi kan wuce gona da iri a nan, har su kashe wa yaro ƙwarin gwiwar da aka zaɓe shi dominta. Amma wanda bai nuna ya iya wasan tsare ba, ba a ba shi izinin wasan ganganci.

Ɗan tsakiya nasa ya fi nauyi. Shi ke sauka har bayan raga ya taya 'yan baya, kuma shi ke tsayawa a jefi, wato lokacin da alƙali ya jefa faifan tsakanin mutum biyu don tayar da wasa. Da wuya sabon shiga ya ci rabin jefinsa. Sidney Crosby da Connor McDavid duk ba su kai rabi ba a kakarsu ta farko. Ƙarfin hannu da na ƙugu na ciki, amma yawanci sani ne: yadda wannan alƙalin ke sakin faifai, ɓangaren da wancan ɗan tsakiyar ke ja, da iya gwargwadon satar da za ka yi ba a kore ka daga da'irar ba. A gidanku kai ke fara ajiye sanda, abokin karawa ya ga tsayuwarka kafin ya shirya tasa. In ƙungiya ta karya dokar jefi sau biyu a jefi ɗaya, horon minti 2 ne. Saboda haka ƙungiyoyi da dama ke fara sa matashin ɗan tsakiya a gefe shekara ɗaya ko biyu. Ba ƙasƙanci ba ne, rage masa kaya aka yi.

Jiki kuma yana da nasa lissafin. Har zuwa 2025-26, kakar da aka saba a NHL wasa 82 ce, daga Oktoba zuwa Afrilu, da tafiye-tafiye tsakanin gaɓar teku da gaɓar teku, wani lokaci wasa biyu a dare biyu jere. Wanda ya fito daga jami'ar Amurka bai saba da fiye da wasa 40 ba. Steven Stamkos, na ɗaya a zaɓen 2008, ya sha wuya a watanninsa na farko a Tampa Bay, har koci Rick Tocchet ya riƙa ajiye shi a wasu wasanni don ya shiga ɗakin motsa jiki. Ya gama kakar da ci 23. Da bazara ya je ya yi horo da tsohon ɗan wasa Gary Roberts, a kaka ta biyu ya ci 51, ya yi kunnen doki da Crosby a saman masu cin raga. Ƙarfi a bazara ake gina shi. Cikin kaka iyakar abin da mutum zai iya shi ne riƙe abin da ya tara, da cin abinci da barci. Jack Hughes ma haka: maki 21 a wasa 61 a kakar 2019-20, ana ture shi daga kan faifai kamar kara, sai ga maki 99 a 2022-23.

Rauni ba ya tambayar lambar zaɓi. McDavid ya karye a ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa a Nuwamba 2015 da ya faɗa katanga da gudu a wasa da Philadelphia, ya rasa wasa 37. Connor Bedard ya karye a muƙamuƙi a Janairu 2024 yana kutsawa ta tsakiya a shuɗin layin New Jersey, ya rasa 14.

Kayan aiki ma sai an sake duba su yayin da jiki ke canjawa. Ƙarfen ƙasan takalmi ba lebur yake ba, ana wasa shi da ɗan kwari a tsakiya ya fito da baki biyu. Awon da aka fi yi shi ne 1/2 ko 5/8 na inci. Kwari mai zurfi, kamar 3/8, yana cizon ƙanƙara sosai wajen juyi amma yana cin sulɓi, ƙafa ta gaji da wuri. Yaron da ya ƙara kilo 6 bai canja awon kwarin ba yana nutsa ƙarfe a banza. Sanda kuma tana da lambar tauri, kuma abin da aka saba farawa da shi shi ne rabin nauyin mutum a awon fam: mai fam 180, wato kusan kilo 82, ya ɗauki 85 ko 90. Yanke ta yana ƙara mata tauri. Matasa kan ɗauki mai tauri don a ce sun girma, sai su kasa lanƙwasa ta a bugun gaggawa, alhali a NHL ba a samun lokacin ɗaga sanda sama.

Akwai kuma takarda. Wanda ya sa hannu tsakanin shekara 18 da 21 kwantiraginsa na farko na shekara 3 ne, da iyakar albashi. Na Bedard dala 950,000 ne a shekara kafin kari. Amma mai fuska biyu ne: in an saukar da kai AHL, gasar da ke ƙasa, albashin bai kai dala 100,000 ba. Ɗan 18 ko 19 da bai buga wasa 10 a NHL ba, shekarar ba ta shiga lissafin kwantiragi, shi ya sa ake yawan ganin yaro ya buga 9 a mayar da shi. Dokar da aka bi tsawon shekaru ta ce wanda aka zaɓo daga manyan gasannin matasa na Kanada bai kai 20 ba ba ya zuwa AHL, ko NHL ko komawa cikin yara. Leon Draisaitl ɗan Jamus ya faɗa wannan tsaka mai wuyar. Edmonton ta riƙe shi wasa 37 a kakar 2014-15, ya samu maki 9, shekarar kwantiragi ta ƙone, sannan aka mayar da shi gasar matasa kafin ya kai wasa 40, adadin da zai matso masa da ranar 'yancin zaɓar ƙungiya. A ƙungiyar Kelowna ya ci kofin WHL, ɗaya daga cikin gasannin matasan na Kanada, aka ba shi gwarzon Memorial Cup, gasar zakarunsu. Kakar da ta biyo ya fara ta a AHL, ya dawo ya tara maki 51. A 2019-20 ya kai 110 ya ɗauki Hart.

Kakar farko mai kyau ita ma tana ruɗi. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ci 21 a Calgary a 1996-97, a shekara ta biyu ya sauko 13, kuma sai a 2001-02 ya kai 52. Nail Yakupov ɗan Rasha, na ɗaya a zaɓen 2012, ya ci 17 a wasa 48 na gajeriyar kakarsa ta farko, fiye da ninki biyar na abin da Thornton ya ci. Bai sake wuce wannan adadin a NHL ba. Kociyoyi sun yi ta canjawa a Edmonton, mintunansa suka yi ta raguwa, ya ratsa St. Louis da Colorado, a 2018 ya koma gasar KHL ta Rasha yana da shekara 24.