Roba ma tana gajiya

Talata, Yamai. Tun bakwai da rabi ina garaji, ko shayi ban ƙare ba sai ga Alhaji da motarshi tana ɗigar ruwa, jiya ya taso daga Tawa, yana wuce Doso allurar zafi ta hau ja, da bido biyu na ruwa suka lallaɓo har gida, su yi tafiya kaɗan su tsaya su zuba. Na buɗe gaba na duba, kan radiyatar ne na roba ya tsage, daidai gindin wuyan da babban tiyo ke shiga, tsaga siririya kamar an ja ta da reza.

Alhaji sai cewa yake, ɗana wallahi ban bugi komi ba, ko rami ban faɗa ba. Na ce Baba na yarda, ai wannan ba aikin jiya ba ne, ta yi shekaru tana tahowa.

Kawu ya leƙo ya ce roba ce kawai ta ƙone, ya koma kan aikinshi. Ni kuwa abin nan yana cin raina tun ina lakkol, don haka da muka kwance na goge bayan da tsumma na kira apranti na nuna mishi rubutun da ke jiki, >PA66-GF30<. Wato nailan ne da aka cakuɗa da zaren gilashi kashi 30 cikin ɗari, zare ya fi gashi siranta, tsawonshi bai kai milimita guda ba. A izin, wato masana'anta, narka shi suke, nailan ɗin nan sai wajen digiri 260 yake narkewa, su tura shi da ƙarfi cikin mul na ƙarfe mai siffar kayan, ya cika ya daskare. To wurin da za a bar rami, narkakken sai ya rabu biyu ya zagaya ya haɗu a baya, kuma a mahaɗar nan zaren ba ya tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, kwanciya yake a tsawon layin. Na ce ma yaron ka tuna ginin banko, ciyawar da ake kwaɓawa a ciki ita ke riƙe ƙasa, in aka samu wurin da ba ciyawar da ta ratsa ai nan bango ke fara buɗewa. Ya kai yatsa ya bi layin, da ido ma ana ganinshi in an karkata ga rana, kuma tsagar a kanshi ta bi sak.

Sauran aikin maimaici ne. Duk tada mota ruwa ya hau wajen digiri 90, matsi ya kai kusan bar guda (bar ma'aunin matsi ne), robar ta ɗan kumbura, a kashe ta koma, gobe haka jibi haka, ga girgizar inji tana jan tiyo, ga gargadar hanya, ga zafin Afrilun nan da ke wuce 40. Ko ɗaya cikinsu bai isa ya fasa ta shi kaɗai ba. Kamar waya ce da kake lanƙwasawa kana miƙewa har ta katse. Wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, tun wajen 1860 ya nuna haka a kan sandunan ƙafar jirgi, nauyin da ƙarfe ke ɗauka lafiya lau sau guda shi ke karya shi in an maimaita sau dubbai. Na roba ya fi sauri, don nailan yana shan ruwa, kuma ruwan zafi yana cin ƙarfinshi a hankali, zaren ya fara saki daga bakinshi, ƙananan tsagogi su yi ta haɗuwa.

Na ƙarasa ɓalle wurin da pansa don in gani, na zuƙo da kamarar salula. Rabi sumul yake ya yi fari da busasshen ruwa, nan ce ta daɗe tana rarrafe, ɗaya rabin kuwa kaushi, sabo fil, zaren a tsaye har yana sukar yatsa, shi ne na jiya.

Inda muka daɗe shi ne maganar gyara. Alhaji ya ce a sa kol, na ce Baba kol zai rufe baki ne kawai, tsagar tana nan a ciki kuma matsin bai fasa zuwa ba, ina tsoron ta buɗe maka tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni da iyali a mota. Ya ce to a nemo okaziyo, wato na hannu, a kasuwar Katako. Wannan ma raina bai kwanta ba, don ba wanda zai duba roba da ido ya gaya maka sau nawa ta yi zafi ta huce a ƙasar da ta fito. Ya yi shiru, ya kira ɗanshi, daga ƙarshe ya ce a sa sabo, kawu ma ya gyaɗa kai.

Kafin la'asar na gano robar da inji ke zaune a kai ta gefen dama ta mutu, shi ya sa injin ke rawa yana fizgar wuyan nan, in ba a canza ta ba sabon ma haka zai yi ta sha. Na rubuta ta cikin kayan da za a sawo gobe. Guntun da na ɓalle yana aljihuna, apranti ya ce in bar mishi ya nuna ma ƙaninshi, da safe zan kai mishi in sha Allah.