Tarihin Rayuwata, Kashi na Shida: Waƙar da Ta Riga Mu Isa Gida

A makon jiya na tsaya a inda ni da ɗan baffana muka sayar da bunsurun da muka yi kiwo tare, muka hau mota daga Ringim zuwa Kano da baitocinmu a cikin littafin makaranta. Wannan ya faru ne bayan ambaliyar 2010, wadda ta cinye gero da dawa a garuruwan da ke bakin Kogin Haɗeja, har da gonarmu ta fadama, kuma a kan wannan asara muka rubuta waƙar da muka fi ji da ita.

Situdiyon da aka kwatanta mana yana wani lungu kusa da Titin Gidan Zoo. Ɗaki ne ƙarami da aka liƙe bangonsa da soso, da kwamfuta ɗaya mai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, da janareta a bakin ƙofa. Da daddare aka ba mu lokaci, domin da rana masu waƙoƙin fim ne ke cika wurin, kuma sun fi mu kuɗi. Mai haɗa kiɗan ya saurare mu, ya ce gambarar zamani, wato waƙar rap da muke yi, ba ta da kasuwa, gara mu sassauta murya mu yi nanaye. Ɗan baffana, wanda ya girme ni da shekara biyu, ya ce masa: "Malam, mu ba soyayya muka zo rerawa ba. Ka sa mana ganga mai nauyi, ka ɗora kalangu a kai." Har yau ina ganin wannan amsa ce ta tsayar da mu a kan ƙafafunmu, domin da mun bi shawararsa da mun ɓace a cikin ɗaruruwan muryoyi masu kama da juna.

Waƙoƙi uku muka ɗauka kafin kiran assalatu, ni ina jero baitoci, shi yana riƙe amshi. Ba mu da kuɗin buga faifai, ba mu kuma san kowa a gidan rediyo ba, saboda haka muka kai su wurin masu tura waƙoƙi a kasuwar waya ta Farm Centre, muka roƙe su su riƙa haɗa wa mutane a katin waya kyauta. Ba mu sa sunayenmu ba, saboda gidanmu ba gidan roƙo ba ne, kuma a wurin mahaifina duk mai waƙa maroƙi ne. Daga nan Bluetooth ya yi sauran aikin.

Bayan kamar wata biyu, wata ranar Lahadi na raka mahaifina kasuwar Gujungu. Muna wucewa ta gaban rumfar wani mai cajin waya sai na ji muryata tana fita daga lasifika, ana ambaton tsamiyar bakin fadama da damin gero talatin da ruwa ya tafi da su. Gabana ya faɗi. Mahaifina ya ɗan tsaya, ya karkata kunne har baitin ya ƙare, sannan ya ci gaba da tafiya bai dube ni ba.

Bai ce komai ba sai bayan sallar isha'i, lokacin da na kai masa buta a zaure. Na durƙusa na ce, "Baba, ga ruwan." Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Wanda ya yi waƙar nan bai ƙirga daidai ba. Dami arba'in da biyu ne, har da na baffanka. Idan zai faɗa wa duniya, ya faɗi gaskiya."

Washegari na samu ɗan baffana a gona na gaya masa, muka zauna a gindin tsamiyar muka gyara baitin. Yadda muka samo kuɗin komawa Kano domin sake ɗaukarsa, shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.