Rana Ta Yi Mana Yawa: Inda Na Kwana a Koyon Ɗaukar Hoto

'Yan uwa masu koyo, ga abin da na tsinta tun daga hunturun da ya wuce zuwa wannan damina. Kayan aikina suna nan yadda suke: kyamara Canon 600D ta hannu, irin wadda aka fara fitarwa a 2011, da gilashi 50mm f/1.8, sai wayata. Ban ƙara ko allura ba. Abin da ya sauya shi ne inda nake tsayar da mutum da kuma lokacin da nake fita.

Yawancin darussan da muke kallo a YouTube daga ƙasashen sanyi suke fitowa, inda mai hoto ke farautar haske. Mu a nan hasken ne ke farautarmu. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka rana ba ta ɓata lokaci wajen hawa. Kafin hantsi ya dubi ludayi ta riga ta yi zafi, da azahar kuwa kusan a tsakar ka take. Tsayar da mutum a fili a wannan lokaci ka ga aiki: idanu sun faɗa rami, inuwar hanci ta sauka kan leɓe, goshi na ƙyalli, hula ta yanke rabin fuska. Ba tsadar kyamara ce za ta gyara wannan ba.

Maganin da na samu yana ƙofar gidan kowa, wato zaure. Ka sa mutum ya tsaya ko ya zauna taku ɗaya zuwa biyu daga bakin ƙofa ta ciki, yana fuskantar waje, kai kuma ka tsaya a waje ka ba rana baya. Rana ba ta taɓa shi kai tsaye, amma hasken da ya bugi ƙasa da bangon maƙwabta yana shiga masa a tausashe. Bayansa duhun zaure ne, ba shanya, ba babur, ba bokiti. Da haka na ɗauki wani dattijo mai ɗinkin hula a unguwarmu. Na ce, "Baba, ɗan juyo da kafaɗarka ta wajen ƙofa, amma ka ci gaba da aikinka." Da ya ɗago kai don ya amsa gaisuwar wani mai wucewa, sai na danna. A hoton ana iya ƙirga furfurar gemunsa, ana ganin zaren da ya maƙale a leɓensa, kuma a kowane ido akwai ɗan farin ɗigo, siffar ƙofar zauren ce ta fito a ciki. Wannan ɗigon shi ke sa ido ya zama mai rai. In babu shi, matsar da mutumin gaba kaɗan har sai ka hango shi.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagon hotonsa a 1948, mafi yawan hotunan da suka yi masa suna a tsakar gida ya ɗauke su da hasken Allah, ya rataya zane a baya. Zanen shimfiɗar gadonsa ma ya yi masa aikin bango a farkon lamari. Ku nemi hotunansa ku duba yadda yake ajiye hannuwan mutane, darasi ne kyauta.

Sai babbar matsalarmu: farar shadda a jikin baƙin mutum. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, ruwan toka. In farar babbar riga ta cika hoto, sai kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, rigar ta fito da datti-datti, fuska kuma ta nutse. Abin da nake yi yanzu shi ne in auna hasken a kunci, ko in ƙara +2/3 zuwa +1 da maɓallin nan mai alamar +/-. A waya ma haka ne: taɓa fuskar a allo, ka ja 'yar alamar ranar sama kaɗan. Amma a yi hattara, in ka zarce, aikin wuyan rigar zai ƙone ya zama fari fat, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Shi ya sa nake ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta matse ba, domin yana ba ni damar ɗago fuska daga baya ba tare da rigar ta lalace ba. A inuwa tazarar da ke tsakanin riga da fuska tana raguwa da kanta, wannan ma wani dalili ne na komawa zaure.

In gefe ɗaya na fuska ya yi duhu, ba sai ka sayi komai ba. Farin kwali, ko farin nan mara nauyi da ake tokare sabon firij da shi, ko farin mayafi, yaro ya riƙe maka daga ƙasa-ƙasa ta ɓangaren inuwar. Na gwada takardar azurfa ta naɗe abinci, ta cika ƙarfi, tana sa mutum runtse ido kuma tana fito da maiƙon fuska. Kuma don Allah mu rage wankin fuska a manhaja. Hoton amarya da aka goge har hancinta ya ɓace, launinta ya koma na wata daban, ba gwaninta ba ne.

Masu waya, abu ɗaya zan ce. Babban gilashin waya mai faɗin gani ne, in ka matso kusa sai hanci ya kumbura kunnuwa su ja baya. Ja da baya taku uku ka danna 2x. Ita kuwa 50mm a kan 600D tana ba da gani kamar na 80mm, shi ya sa take yi wa fuska adalci. Ina barin ƙofar haskenta a f/2.8, wato a ɗan tsuke, maimakon f/1.8 da take buɗe gaba ɗaya, don a 1.8 sau da yawa ido ɗaya ne ke fita tas, ɗayan ya yi dishi-dishi.

Dabbobi su ne suka fi cinye mini lokaci, kuma su na fi jin daɗi. Magen gidanmu baƙa ce, kuma a kanta na gane cewa ma'aunin nan ta kowane ɓangare yake ruɗewa: baƙar mage sai ya haskaka ta ta koma toka-toka, dole in rage zuwa -1, farin ragon layya kuma sai an ƙara masa kamar farar shadda. Ka'ida ta farko, ka sauka ƙasa. Hoton mage daga tsaye hoton bayanta ne kawai. Kwanta rub da ciki a kan tabarma, gilashi daidai idonta, ka saita a kan idon da ya fi kusa da kai. Kada ka kira ta, in ka kira za ta taso ta cusa hanci a gilashi. Murza leda a saman kyamara, za ta kafe kunnuwa ta zuba maka ido na daƙiƙa ɗaya ko biyu, to wannan ne rabonka. Filasha kuwa a bar ta a kashe. A bayan idon mage akwai wani shimfiɗi mai maido da haske, shi ke taimaka mata gani da dare, kuma shi ke sa idanunta su fito kore shar kamar na aljani in an haska ta. Saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa ko da tana kwance, don kan mage ba ya zama wuri ɗaya.

Tattabaru wani karatu ne daban. Wani maƙwabcina yana kiwonsu a saman soro, ya bar ni ina hawa da sassafe. Bin su da kyamara a sama wahala ce kawai ga irin tawa, saitinta ba ya cim musu. Sai na koma watsa gero a wuri ɗaya da hasken safe ke sauka ta gefe, in saita a kan ƙasan wurin tun kafin su zo, in sa 1/2000 da ɗauka a jere, in jira saukarsu. Lokacin da tattabara ta baza fiffike za ta dira, nan hoton yake. Hasken gefe ne kuma ke fito da kore da shunin da ke walƙiya a wuyanta, da rana tsaka ba ka ganin su. A irin wannan sauri ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, yakan hau 800, kuma ban damu ba. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, irin wanda hawan ISO ke kawowa, ya fi hoton da motsi ya shafe.

Wanda ke son ɗaukar dawakin hawan sallah, kada ya bari sai ranar. Ya je wajen masu kilisa da yamma ya koyi hannu. Doki a guje yana son 1/1000. In kana son a ji gudun a hoto, sauko 1/60 ka bi dokin da kyamara daga ƙugu, baya ya shafe shi kuma ya fito. Mafi yawansu za su lalace, kada ka karaya. In a tsaye yake, jira kunnuwansa su kalli gaba, masu doki ba sa son hoton da kunne ya kwanta. Ka tsaya inda rana take bayan mahayin, ƙurar da kofato ke tayarwa sai ta zama ruwan zinariya.

Game da fili da gari, shekara ce ke ba da umarni. A hunturu hazo yakan rufe komai. In ka hau Dutsen Dala a Janairu, Goron Dutse ma da ƙyar za ka hango shi, hoton gari ya fito fari-fari ba armashi. Amma wannan hazon da ya ɓata hoton nesa shi ne ya fi komai kyau ga fuska, don ya tace rana, har da hantsi kana iya ɗaukar mutum a fili. Ita kanta ranar takan zama farin faifai da yamma, in ka sa kuka marar ganye a gabanta ka rage haske, ka sami hoto. Sai dai ƙura: kada ka cire gilashi a waje, ka sa kyamara a leda cikin jaka, ka hure ta da 'yar robar hura iska kafin ka goge, don goge ƙura a bushe karce gilashi yake yi. Hoton gari daga sama kuwa a bari sai damina, washegarin ruwa, lokacin da iska ta wanku, gajimare ya yi tsibi-tsibi, jar ƙasar ganuwa ta jiƙe ta ƙara ja. Kunna layukan nan da ke raba allo gida tara, ka ɗora iyakar sama da ƙasa a kan ɗaya daga cikinsu, ba a tsakiya ba, kuma ka sami wani abu a kusa, ko dutse ko akuya ko mai tallan gyaɗa, da zai nuna nisan abin da ke baya. Hasken yamma mai daɗin nan gajere ne a wajenmu, daga sakaliyar la'asar zuwa kiran magariba, kuma da rana ta faɗi duhu ba ya jira. Ka isa wurin da wuri.

A marinar Ƙofar Mata na ga yadda sallama ke buɗe hanya. Na gaisa, na zauna, na tambayi yadda ake haɗa baba da toka da kanwa, kafin in fito da kyamara. Da na nemi izini, wani marini ya ce, "Malam, bari in tsamo wannan, shi ya fi kyau." Ya ɗago zanen yana ɗiga, yana kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗa shuɗi a gabana, hannunsa shuɗi har gwiwa. Na ba da na goro, na kuma tura masa hoton. Mata, yara da almajirai kada a ɗauke su sai da yardar su ko ta manyansu, kuma a nisanci bariki da shingen jami'an tsaro. In za ku tura wa mutum hotonsa ta WhatsApp, ku tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi duk wahalarku ta tafi.

Abin da ke gabana yanzu shi ne hoton dare a wajen mai shayi da mai tsire, inda hasken garwashi ja ne, na ƙwan sola kuma fari mai shuɗi-shuɗi, su biyun a fuska ɗaya. Na fara da f/2, 1/125, ISO 1600, kuma ina tsayar da mutumin ta yadda wuta ɗaya ce kawai za ta same shi. Wanda ya riga ni gwadawa ya faɗa mini yadda ya daidaita launin.