Giren 150 a kafaɗar yamusa

Na ajiye aikin sansanin farauta a ƙarshen kakar bana. Yaran da suka shigo bayanmu suna ta tambayar dalili, sai na ga gara in rubuta musu abin da zai amfane su, dalilin ya fito da kansa. Duk wanda ya yi aiki a yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Binuwai, Faro ko Buba Njidda a arewacin Kamaru ya san tsarin: baƙo ya sauka a Garwa da akwatin bindigarsa, a kai shi sansani, washegari a je wurin gwaji ya harba uku a takarda. Idon kowa na kan takardar. Da wuya ka ga wanda ya ɗauki kwalin harsashin ya duba lambar da ke jikinsa, alhali ita ce za ta faɗa maka ko da yamma nama za ku ɗauko ko jini za ku bi.

Lambar nan nauyin kan harsashi ce, da ma'aunin giren. Giren 150 bai cika giram 10 ba, 180 ya kusa giram 12, 200 kuwa kimanin giram 13. Giram biyu ko uku ke nan tsakaninsu, shi ya sa mutane ke raina maganar. Bindiga mai suna magnum kwansonta babba ne, tana cin albarushi da yawa. Irin .300 Winchester Magnum, wadda ta fito a 1963, tana fitar da giren 150 da gudun da ya kai mita 1,000 a daƙiƙa, giren 180 kuma wajen mita 900. Baƙi suna son jin wannan dubun. A teburin cin abincin dare za ka ji ana ta cika baki da sauri da miƙewar harsashi, to inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Gaskiyar ita ce, idan ka daidaita saiti a mita 200, bambancin faɗuwar 150 da 180 a mita 300 bai wuce yatsu biyu zuwa uku ba. Mu kuma a dajin doka yaushe rabon da a harbi dabba a mita 300? Yawanci kana ganin kafaɗa ne ta tsakanin itatuwa, a mita 60 ko 80, harsashi bai rage gudu ba ko kaɗan.

A nan matsalar take. Harsashi mara nauyi mai siririyar rigar jan ƙarfe an yi shi ne ya buɗe da wuri a jikin barewa ko maraya. Idan ya haɗu da ƙashin babbar dabba da cikakken gudunsa, watsewa yake yi. Kamar ka jefi bango da curin ƙasa ne, iya ƙarfin jifanka iya tarwatsewarsa. Mai nauyi ya fi tsawo a faɗi ɗaya, gudunsa ya ɗan sauka, idan bakinsa ya buɗe akwai sauran jiki a baya da zai ci gaba da turawa har ya ratsa huhu biyu.

Baƙon da ya jawo rabuwata da maigidan sansanin ya zo neman yamusa ne, ƙatuwar dabbar dajin nan mai murɗaɗɗen ƙaho, kamar kusan duk mai zuwa arewacin Kamaru. Namijin yamusa da ya ƙosa yana iya doshin kilo 900, wuya da kafaɗa duk tsoka. Da na buɗe akwatinsa a ɗakin ajiya na ga .300 da kwali biyu na giren 150, masu bakin roba, irin na barewar ƙasarsu. Na sami maigida shi kaɗai bayan la'asar, don kada a ce na kunyata baƙo. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan harsashin ba zai wuce allon kafaɗar yamusa ba. Ga .375 ta sansani da giren 300, ko mu ba shi giren 180 da muke da su, a sake gwaji gobe da sassafe." Bai ma ɗago kai daga littafin lissafinsa ba. Ya ce mutumin ya shekara yana harbi da bindigarsa, ya san ta, ni kuma an ɗauke ni in duba ƙasa ne, ba kwali ba. Tsohon da ya koya mini bin sawu yana zaune a gefe yana gyaran takalmi. Da muka fito sai ya ce, "Ɗana, ka faɗa, ka fita haƙƙinsa. Ka cika gorarka da ruwa kawai."

Mun cim ma garken da rana tsaka, suna cin sabon tohon doka inda aka ƙone ciyawa. Namijin ya ba mu gaba a ɗan karkace. Baƙon ya harba daidai, wannan ba zan hana shi ba. Na ga ƙura ta tashi a kan kafaɗa, na ji ƙarar a bushe, ba irin mai zurfin nan da ake ji idan harsashi ya shiga ƙirji ba. Dabbar ta durƙusa, ta miƙe, ta bi garke. A wurin mun sami gashi da ɗan tsinken ƙashi da jini ja mai kauri, babu kumfa. Jinin huhu da kumfa yake zuwa, launinsa a buɗe. Ni da tsoho muka kalli juna, ba wanda ya ce uffan. Mun bi shi har magariba, muka dawo da asuba, jinin ya koma ɗigo, ɗigon ya ƙare a kan duwatsu.

Ƙa'idar aikin kowa ya san ta: dabbar da ka zubar wa jini taka ce, ka same ta ko ba ka same ta ba, sai ka biya kuɗinta, kuma ta fita daga kason da hukuma ta ware wa yankin. Dole a sami wanda za a ɗora wa. A gaban baƙon da ma'aikata maigida ya ce masu bin sawu ne suka yi sakaci, ya ambaci sunana. Tukuicin wannan tafiyar bai zo hannuna ba. Bayan baƙon ya tafi, ungulaye suka nuna mana inda yake, a bakin wani rafi. Kuraye sun cinye baya, amma gefen da ya kwanta a kai yana nan. Na sa wuƙa na buɗe kafaɗar da kaina. Rauni ne mai faɗin tafin hannu, zurfinsa bai kai tsawon yatsa ba, kan ƙashin ya dagargaje, ga ɓurɓushin dalma da ɓallin jan ƙarfe a warwatse cikin tsoka. Haƙarƙari ko ɗaya bai karye ba. Na tsince guntayen na zuba a kwanso na kai wa maigida. Ya juya su a hannu, ya ce in je in duba ko an cika tankin mota. Naman da zai ciyar da sansani da ƙauyen da ke kusa ya tafi mushe, ko wuƙa ba a sa masa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba sabon ilimi ba ne. Tun 1946 wani Ba'amurke, John Nosler, ya harbi wata ƙatuwar dabbar ƙasashen sanyi a yammacin Kanada da bindiga .300 H&H, harsashin ya kasa ratsa kafaɗar da taɓo ya bushe a kai. Shi ya sa ya ƙera harsashin da ake kira Partition, ya fara sayarwa a 1948: an raba cikinsa biyu da katangar ƙarfe, gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da tafiya. Ita ma .375 H&H da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912 da nauyi uku ta zo, 235 da 270 da 300, kuma 300 ɗin ne ya yi mata suna a kan ɓauna, duk da gudunsa bai wuce mita 770 ba. Maigida, mai lasisin jagorar farauta, ya san wannan. Bai so ya ji daga bakin mai ɗaukar gora ba ne.

Saboda haka, ƙannena, idan aka ba ku amanar ɗakin bindigogi ku karanta kwali. A .300 kada ku yarda da ƙasa da 180 idan gwanki ko yamusa aka nufa, 200 ma ya fi. A 7mm Remington Magnum ku nemi 160 zuwa 175. Ɓauna kuwa .375 da 300, na farko mai buɗewa, na bayansa sandararre. Nauyi kaɗai ba ya isa, sai kun duba ƙirar. Harsashin jan ƙarfe zalla, irin na kamfanin Barnes, ba ya watsewa, kuma ya fi mai dalma tsawo, don haka 165 ɗinsa yana aikin da 180 na dalma ke yi. Idan ya yi tsawo da yawa ma wata bindigar ba ta iya juya shi yadda ya kamata, sai ka ga ya shiga takarda a kaikaice.

Duk lokacin da aka canza nauyi a sake gwaji, domin wurin faɗuwa yana canzawa. Ku lura da baƙon da ke runtse ido kafin ya ja kunama, shi wannan bugun gindin bindiga yake tsoro, ƙarin nauyi ba zai gyara shi ba. Kada a haɗa kwali biyu a aljihu ɗaya. Shawara kuma ku bayar da ita a gaban mutum na uku wanda zai iya buɗe baki, ba tsoho mai jiran sallama ba.

Na ji an ce bana maigida ya fara aika wa baƙi takarda tun kafin su taso, yana gargaɗinsu kada su zo da ƙasa da giren 180. Wai daga dogon gogewarsa a daji ya gano haka.