Lissafin da na yi da alƙaluman zamunnan Hindu

A matsayina na malamin lissafi, na zauna da biro da takarda domin in gwada manyan alƙaluman da Hindu ke ƙirga zamani da su, in ga ko suna da wani aiki ban da nuna girman halitta. A aƙidarsu lokaci zagaye yake yi, kuma kowane zagaye, wanda suke kira mahayuga, ya kasu zamunna huɗu: Satiya mai shekara 1,728,000, Tireta mai 1,296,000, Duwafara mai 864,000, sai Kali mai 432,000, wanda suke cewa a cikinsa ake tun shekarar 3102 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Jimillarsu 4,320,000 ce, kuma irin wannan zagaye dubu shi ne yini guda na Birahma, abin bautarsu da suke ɗauka a matsayin mahalicci.

Aikin ya fara armashi ne da na ɗauko adadin da tsohon littafinsu na ilimin taurari, Suriya Siddhanta, ya bayar. A cewarsa, cikin mahayuga guda rana tana kewaye falaki sau 4,320,000, wata kuma sau 57,753,336. Da na debe na farko daga na biyu sai na sami 53,433,336, wato yawan lokutan da wata ke cim ma rana ya sake tsayuwa. Littafin ya ce kwanakin mahayuga 1,577,917,828 ne. Na raba su da wancan adadi, amsa ta fito kwana 29.530588, kusan daidai da abin da masana na yau suka auna. Sai da na maimaita rabawar kafin na yarda.

Daga nan na fahimci cewa tsawon zamanin dabara ce ta guje wa ɓarin lamba, domin mai lissafi ya riƙa aiki da cikakkun adadi. A ganina wannan hikima ce ta gaske, ko da mutum bai yarda da aƙidar da ke ƙunshe da ita ba.

Na kuma ninka shekarun mahayuga da 12, na debe daga yawan tsayuwar watan nan da na samu, ragowar ta zama 1,593,336. Waɗannan su ne watannin ƙari da Hindu ke sakawa kusan duk bayan wata 32 da rabi, abin da ya sa bikinsu na fitilu, Diwali, ba ya fita daga Oktoba ko Nuwamba, saɓanin kalandar Hijira da ba ta ƙara wata, wadda azuminta ke zagaya damina da rani.