Kafin ka biya dillalin biza, fara duba ƙirjinka da jininka

Tun da na samu aikin wutar lantarki a Saudiyya, tambayar da 'yan'uwa da abokai suka fi aiko mini ita ce ta takardar lafiya: me ya sa aka ƙi karɓar tawa alhali lafiyata ƙalau? Abin da nake gaya musu shi ne, ofishin jakadanci abu uku yake dubawa a jikin takardar: asibitin da ya yi gwajin, ranar da aka yi, da kuma ko sunan da ke kai ya zo daidai da na fasfo.

Likitan da ya san ka tun kana yaro, komai ƙwarewarsa, sa hannunsa ba ya aiki a nan sai in yana cikin waɗanda ƙasar ta amince da su. Ƙasashen Larabawa na Gulf, irin su Saudiyya, suna bin tsarin Wafid, wanda a da aka fi sani da GAMCA. Za ka yi rajista a intanet da lambar fasfonka, kwamfuta ta zaɓa maka asibiti, asibitin kuma ya tura sakamakon kai tsaye. Kanada da Ostareliya su ma suna da likitocinsu da ke aika sakamako ta tsarin intanet mai suna eMedical. Birtaniya kuwa, in daga ƙasashen da ta lissafa ka fito kuma zamanka zai wuce wata 6, shaidar gwajin tarin fuka take nema daga asibitin da ma'aikatar cikin gidanta ta yarda da shi.

Hoton ƙirji shi ne inda na fi ganin mutane na shiga uku. Wani abokin aikina na dā ya sayar da motarsa, ya biya dillali, ya yi sallama da wurin aikinsa, sai hoto ya nuna tabo a huhunsa. Tarin fuka ne da ya yi yana saurayi, ya sha magani har ƙarshe, ya warke sarai. Amma a ƙa'idar ƙasashen Gulf, tsohon tabo kaɗai yana iya sa a rubuta cewa mutum bai cancanta ba, kuma rubutun yana zama a rumbun bayanansu. Da Birtaniya ce, da an karɓi kakinsa safiya uku a jere, a jira sakamako har mako 8, in ba a ga ƙwayar cuta ba, sai a ba shi takarda. Har yau abin yana ci mini rai, domin da hoto ɗaya tak kafin biyan kuɗi da motarsa tana nan.

Haka ciwon hanta nau'in B yake. Mutum zai iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba, yana aikinsa da ƙarfinsa. A Gulf ana gwada shi tare da nau'in C da ƙanjamau da tunjere, mata kuma ana yi musu gwajin ciki. Shi ya sa nake roƙon duk mai niyya, ɗan'uwa ka je asibitin da ka saba ka yi waɗannan gwaje-gwaje don kanka tukuna. Wannan sakamakon ba zai shiga takardun biza ba, amma zai gaya maka ko ka saki kuɗinka, kuma in an ga wani abu ka fara magani da wuri.

Sai lokaci. Takardar Birtaniya wata 6 take yi daga ranar hoton, ta Kanada wata 12, ta Gulf kuwa ta fi su gajeren wa'adi. Wanda ya yi gaggawar gwaji kafin kamfani ya aiko da takardun ɗauka, sai wa'adi ya ƙare a hannunsa ya sake biya. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ne kawai ba ya tsufa: tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi na tsawon rai, sai dai yana fara aiki kwana 10 bayan allura.

Kafin ka bar asibiti, ajiye fasfo kusa da takardar ka bi harafi-harafi. Muhammad da Mohammed a wurin kwamfuta mutum biyu ne. Duba ranar haihuwa, lambar fasfo da hatimi. In ka sabunta fasfo bayan rajista, a gyara lambar tun kafin a ɗebi jini.

Za ka haɗu da masu cewa sun san wani a ciki da zai gyara sakamako. Kada ka ba su ko sisi. Ni da na sauka sai da aka sake ɗibar jinina, aka sake hoton ƙirji kafin a ba ni iƙama, wato takardar izinin zama, kuma wanda ya faɗi a wannan gwajin gida ake mayar da shi, ga bashin tafiya a wuyansa.